Ciwon Namu, Digirin Na Wasu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo

Zuwa ga Shugaban Jami'a, da Majalisar Malamai, da masu riƙe da makarantar karatun gaba da digirin farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai. Ina gaishe ku gaisuwar ɗalibi ga malamansa, tare da yi muku sannu da fama da jama'a. Ni ɗaya ne daga cikin dubban da suka yi shekaru suna tsallaka gadar nan ta hanyar Dundaye, inda jami'ar take, safe da yamma, har Allah ya sa muka karɓi takarda daga hannunku. Tun da na fita aikin lafiya nake yi a karkara, mafi yawansa a garuruwan bakin iyaka, kuma aikin nawa bai wuce ƙirga marasa lafiya da bin sawun annoba da aika rahoto ba. Da ma ofishinku ya kamata in zo in durƙusa in faɗi wannan magana, wato roƙon ku buɗe digiri na biyu a kan tsara manufofin lafiya. Na sa ta inda kowa zai karanta ne don ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma ina so mutanen gidan gwamnati su jiyo ta ko da ta bayan danga ne.

Bari in fara da wata tsohuwa.

Shekarun baya wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin mako uku, in raka wata ɗaliba da ta zo daga Turai tana binciken abin da ke hana iyaye mata kammala wa yara riga-kafi. Ni ne tafinta, ni ne mai riƙe na'urar da ake shigar da amsoshi, ni ne kuma mai shiga gaba idan za a gaishe da hakimi. A wani ƙauye arewa da Gwadabawa aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar wani gida, wata tsohuwa ta fito da ƙwaryar gyaɗarta tana ɓarewa tana amsa mana tambayoyi. Ta amsa har muka gaji da tambaya. Da muka zo tashi sai ta ajiye ƙwaryar, ta dube ni, ba Baturiyar ba, ta ce:

"Kai ɗana, bara wasu sun taho sun ƙirga mu. Bana ga ku kun taho. Mi aka yi da lissahin ga? Saida shi kukai?"

Na yi dariya don in rufe kunya, na fassara. Ɗalibar ta ce in maimaita, ta rubuta a littafinta kalma bayan kalma. Bayan kamar shekara biyu wani aboki ya turo mini inda aka buga binciken a intanet. Na buɗe, aka ce sai na biya da dala kafin in karanta. Da ƙyar wani malami ya samo mini kwafi. Maganar tsohuwar tana nan a shafin farko, an juya ta Turanci, ta yi kyau abinta. Sunayen marubuta shida, babu ko ɗaya na mutumin Sakkwato. Can ƙarshe, da ƙananan haruffa, an gode wa ma'aikatan da suka shiga ƙauyuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na jin haushin yarinyar, Allah ya sani. Ta ci tuwo da mu, ta sha rana, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana huɗu ta tashi ta ci gaba. Abin da makarantarta ta koya mata shi ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, akwai makaranta a can nesa da ta zauna ta tsara kwas wanda zai ɗauko ɗaliba daga ƙasar sanyi ya kawo ta arewacin Gwadabawa, ya mayar da ita da digiri, daga baya ta zauna a kujerar da ake yanke shawara a kanmu. Mu kuma da ƙauyen bai kai mana tafiyar awa biyu ba, matsayinmu a wannan sana'a shi ne tafinta.

Irin karatun da nake magana a kai tsoho ne a wurinsu. An buɗe makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a 1898, da kuɗin attajiran jiragen ruwa waɗanda zazzaɓi ke kashe wa ma'aikata a gaɓar Afirka ta Yamma. Ta Landan ta biyo baya a 1899. A Amurka, jami'ar Johns Hopkins ta kafa makarantarta ta lafiyar al'umma a 1916. Wato tun asali ciwonmu ne jarin waɗannan makarantu. Yau suna da digiri na biyu iri-iri, da yawansu na shekara ɗaya tak: lafiyar duniya, tsara manufofin lafiya, tattalin arzikin lafiya, kiwon lafiya a lokacin yaƙi da gudun hijira. Ba allura ake koya wa mutum a can ba. Ana koya masa yadda ake karanta kasafin kuɗi a gane inda aka ɓoye ƙarya, yadda ake auna cewa naira ɗaya ta fi amfani a gidan sauro ko a ginin asibiti, yadda ake rubuta wa minista shafi biyu da za su sa ya canza ra'ayi, da yadda ake zama da masu ba da tallafi a yi ciniki ba tare da an sunkuyar da kai ba. Waɗanda suka gama su ne ke cika ofisoshin Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva, da Bankin Duniya, da Gavi mai sayen alluran riga-kafi, da asusun nan na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A teburinsu ake yanke wace allura za ta iso Tangaza, yaushe, kuma guda nawa.

Allah ya gafarta malamai, ku dubi abin da ke ƙofarmu.

A cikin garin nan asibitin yara masu cutar noma yake, cutar da mutanenmu ke kira zaizayar baki, wasu su ce ciwon iska. An buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana aiki a cikinsa tun 2014. Asibitoci irinsa ƙalilan ne a duniya baki ɗaya. Wanda bai taɓa shiga ba, ya shiga. Cuta ce da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe har ƙashi, kuma idan ba a yi magani ba kusan tara cikin goma ba su tashi. Alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Shekara da shekaru cutar ba ta ma cikin jerin cututtukan da duniya ta amince an yi watsi da su. A watan Janairun 2023 Najeriya ta miƙa buƙata a madadin ƙasashe 32, ranar 15 ga Disambar shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin. Wannan aikin ba na wuƙar tiyata ba ne. Aiki ne na tara hujja, da rubuta takarda, da bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya har su sa hannu. Darasi ne na zango guda cur, kuma babban ɓangare na hujjar daga gadajen asibitin garin nan ya fito. Da a ce akwai ajin da ake koyar da yadda aka yi wannan tafiya, ɗalibai da kabu-kabu za su je wurin ganin ido.

Ko mu ɗauki shan inna. A 2003 aka dakatar da riga-kafinta a wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20. Duk ɗalibin lafiyar duniya a Turai da Amurka ya karanta wannan labari. Abin da ba kowa ke karantawa da kyau ba shi ne yadda aka gyara. Zargin bai faɗo daga sama ba. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kuma amana ba ta dawo da tallan rediyo kaɗai ba. Ta dawo ne da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009, ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka bi ta hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, gida-gida. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Na yi wannan aiki da ƙafata. Na ga maigidan da ya zaro mana sanda, washegari mai unguwa ya je ya zauna a zaurensa bai ce masa komai a kan allura ba sai da aka sha fura, daga baya mutumin da kansa ya fito da yara uku. Wane littafi ne na waje zai bayyana abin da ya faru a cikin wannan shan fura? Fadar da aka jagoranci aikin daga cikinta tana nan tsakiyar gari, mutanen da suka yi shi da yawansu suna raye. In ba a zauna da su an rubuta ba, wata rana daga Landan za mu sayo labarin.

Sanƙarau kuwa kowace bazara sai mun kwana da ido ɗaya. Annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Allurar da aka fara yi a yankin Sahel daga 2010 ta karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C ya taso a 2017, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka rasa sama da mutum 1,000. A lokacin na fahimci cewa allurar gaggawa ba a saye take a kanti ba. Rumbu ne na duniya, sai ƙasa ta cika takardu, ta nuna sakamakon gwaji, ta nuna tsarin rabawa, sannan a sako mata. Duk ranar da takarda ta kwana a tebur, akwai gidan da ake zaman makoki. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar. Ga gubar dalma da ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Ga yoyon fitsari, ga tamowa, ga amai da gudawa da damina. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kacal na yaran Sakkwato suka samu cikakkiyar riga-kafi, mafi ƙanƙanta a ƙasar, yayin da Anambra ke da 76. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya sa jiharmu a gaba da kusan kashi 91. Ba alfahari nake yi da waɗannan ba, abin kunya ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bai kamata a ce kullum daga wani gari ake ɗauko mai hawa rufin ba.

Da can amsar ita ce a tura yaranmu waje su koyo. Wannan ƙofa tana rufewa a kan idonmu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Daga Janairun 2024 Ingila ta hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyalansu. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malamai zuwa karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. Akwai tallafin karatu na Chevening da Commonwealth da DAAD na Jamus, ina kuma ƙarfafa wa duk matashin da ya cika sharuɗɗa gwiwa ya nema, amma guraben kaɗan ne, ƙasa guda ce ke rububinsu, kuma wanda ya yi makarantar kuɗi a Legas ya riga ɗan Gudu iya rubuta irin wasiƙar da suke so.

Akwai wata ƙanwata a wurin aiki, ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, wadda ban taɓa ganin mai riƙe lissafin asibiti kamarta ba. Ita ce ta gano da kanta cewa matan wata mazaɓa suna daina zuwa awo ne daidai lokacin da rafi ya cika, ta zana taswira da biro ta kai wa shugabanta. Ta nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, ta sayar da 'yan kunnenta ta je Abuja ta rubuta jarrabawar Turanci, ta ci, aka ba ta gurbi. Tallafi bai samu ba. Ta nemi a ɗaga mata zuwa shekara mai zuwa, aka ɗaga. Shekarar ta zo da sabuwar dokar iyali, ga yara uku, ƙaramin yana shan nono. Takardar tana nan cikin wata jakar leda tare da katin haihuwar yaranta. Ranar da ta nuna mini ita, cewa ta yi, "Yaya, ka gani dai na ci. Ko ba komai na san ba ƙwaƙwalwa ce ta hana ni ba." Ban sami abin ce mata ba.

Sai kuma ga wani abu da ya girgiza duk mai aikin lafiya a Arewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta dakatar da tallafin waje, daga baya ta rushe hukumarta ta ba da tallafi, USAID. Cikin makonni muka ga motoci sun daina zuwa, an sallami ma'aikata, ayyukan da aka saba da su sun tsaya cak. Ranar muka gane cewa ba kuɗi kaɗai muke ara ba, har da tunani. Masu tsara mana aiki, da masu rubuta mana rahoto, da masu gaya mana abin da alƙalumanmu ke nufi, da yawansu a kan albashin waje suke. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To ga roƙona. Ku buɗe digiri na biyu, daga baya har na digirgir, a kan tsara manufofin lafiya da kiwon lafiya na ƙetare iyaka, wanda fuskarsa ke kallon yankin Sahel da duniya, ƙafarsa kuma tana Sakkwato.

Na san ba daga fili za ku fara ba. Kuna da kwalejin kimiyyar lafiya da asibitin koyarwa, kuna da malaman lafiyar al'umma da suka horar da mu, kuna da tsangayar likitancin dabbobi, da masana tattalin arziki da kimiyyar siyasa da shari'a, da malaman Faransanci da Larabci da Hausa. Kayan miyan duk suna gidan, a ɗakuna daban-daban ne kawai suke. Na kuma san Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin lafiyar al'umma da manufofi da Bankin Duniya ya tallafa wa, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe tana horar da masu bin sawun annoba. Ba cewa nake a kwaikwaye su ba. Muna da abin da za mu tsaya a kansa: iyaka, da fada, da asibitin noma.

Maganar iyaka ita ce na fi sani, don haka ku yi mini haƙuri in daɗe a kanta. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni a Nijar ɗan taƙi ne. Mutane ɗaya ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya. Mace takan yi awo a wannan gefe ta haihu a wancan. Yaro yakan zo mana da katin riga-kafi na Faransanci, ma'aikaciyarmu ta juya shi sama da ƙasa ba ta gane abin da aka yi masa ba, sai ta sake farawa daga farko ko ta sallame shi. Wata shekara ƙyanda ta ɓulla a wasu rugage da ke kai da kawo tsakanin ƙasashen biyu. A ƙa'ida, labarin zai tashi daga hannuna zuwa jiha, daga jiha zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Yamai, sannan ya gangaro Tawa, ya iso Ƙonni. Kafin ya gama wannan zagaye makiyayan sun yi nisa. Abin da na yi shi ne na kira wani ma'aikacin lafiya na can da muka taɓa haɗuwa a wurin suna, muka yi maganarmu da Hausa cikin minti biyar, washegari suka fita. Aikin ya yi, amma a kan sa'a da zumunci ya yi, ba a kan tsari ba. Ranar da aka canza mini wurin aiki, lambar wayar ta tafi da ni.

Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun tanadi yadda ƙasashe za su riƙa sanar da juna, amma wanda zai mayar da su abin da ke aiki a Illela sai wanda ya san dokar kuma ya san Illela. Al'amarin ya ƙara rikicewa tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka watanni, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ecowas a Janairun 2025. Abin mamaki, hukumar lafiya ta Ecowas ɗin a Bobo-Dioulasso aka kafa hedikwatarta, cikin Burkina Faso. 'Yan siyasa na iya ɓatawa, amma sanƙarau ba ya tsayawa a shingen kwastan. Jami'a tana iya abin da ma'aikatar harkokin waje ba ta iyawa a irin wannan lokaci. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai jami'o'i a Maraɗi da Tawa, akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES. A ware wa 'yan Nijar kujeru a ajin. A wajabta wa namu Faransanci na aiki, wanda zai isa a karanta kati da rahoto a kuma yi waya. Shanu da raƙuma da ke ratsa iyakar nan ma da nasu cututtukan da ke tsallakowa ga mutane, a nan malaman dabbobi za su shigo.

Sai kuɗi, wanda shi ne mafi yawanmu muka jahilta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ina so kowane ɗalibi, kafin a ba shi takarda, ya ɗauki naira ɗaya ta wannan asusu ya bi ta da ƙafa tun daga Abuja har zuwa asibitin sha-ka-tafi na ɗaya daga cikin mazaɓu 244 na jihar nan, ya rubuta inda ta tsaya, da wanda ya sa hannu, da kwanakin da ta yi a kowane tebur. Ya koyi bambancin abin da aka ware, da abin da aka saki, da abin da ya isa. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba za a ƙara ruɗarsa da jawabin ranar gabatar da kasafi ba.

Kada kuma a mayar da addini da tarihinmu ɗan darasin share fage. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙe daular nan daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, shugabanninsu mata da ake kira jaji suna fita ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har cikin gida. Duk wanda ke tsara aikin mata masu wayar da kai a yau yana da abin koyo a wurinta. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa da fita daga cikinsa, da komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham saboda annoba, su ne ke buɗe mana zaure idan Turanci ya kasa. Ɗalibin da zai iya tsayawa gaban limamai ya yi bayanin killace mai cuta da hujjarsu, sannan ya tsaya a Geneva ya yi da hujjar can, shi nake so ku fitar.

Game da haɗin gwiwa da makarantun waje, a yi, har ma a nema. Malaminsu na iya koyarwa daga ofishinsa ta intanet, na iya duba kundin ɗalibi tare da namu. Amma a rubuta sharuɗɗa tun kafin a sha shayi. Duk bayanan da aka tara a ƙasar nan a bar kwafinsu a nan. Wanda ya yi aikin tunani a sa sunansa a sama, ba a cikin godiya ba. Idan ɗalibinsu zai zo wata uku, namu ma ya je wata uku. Kuma kowane kundi, nasu da namu, a taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, mai shi ya koma garin da ya yi binciken ya karanta wa mutane a gaban hakimi, su yi masa tambaya. Wannan ya zama sharaɗin kammalawa kamar yadda kare kundi a gaban malamai yake.

Wajen ɗaukar ɗalibai, ina roƙo kada a ce sai likita. Ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da masu haɗa magunguna, da jami'an lafiyar al'umma masu babbar difloma da suka shekara goma a ƙauye, da akantocin ma'aikatu, da 'yan jarida, duk a yi musu hanya, ko da ta share fage ce ta shekara guda. A tsara karatun mako biyu a aji, mako shida a bakin aiki, don kada a kwashe ma'aikata daga asibitocin da ma ba su da kowa. A tanadi ɗakin reno. Kuma idan an ce wata 18, ya zama wata 18. Kowa ya san yadda digiri na biyu ke zama na shekara huɗu a jami'o'in ƙasar nan, ga yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022. Ɗan Nijar ba zai bar Dakar ya zo wurin da bai san ranar gamawa ba.

Na san abin da za a ce. Babu kuɗi, babu wuta, malamai na ficewa, hanyar Isa da Sabon Birni ba ta biyuwa yadda ake so, kuma sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince. Duk gaskiya ne. Amma aji na farko bai buƙaci sabon gini ba. Mutum 15, ɗaki ɗaya mai sola da intanet, da malamai shida da suka yarda su tsallaka daga tsangayarsu zuwa ta maƙwabta. Rashin tsaron ma darasi ne, domin yadda ake kai riga-kafi garin da ma'aikaci ba ya iya kwana yana cikin manyan tambayoyin wannan fanni a yau. Za a kuma ce idan an horar da su guduwa za su yi. Wasu za su tafi, ba shakka. Ni ban ɗauki hakan duka asara ba. Ina so in ga Basakkwace a teburin da ake raba allura. Saura kuma za su zauna idan an ba su abin yi.

A nan maganar ta koma kan gwamnatin jiha, Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna. Kuɗin da zai kai mutum ɗaya Ingila a yau zai ɗauki nauyin aji guda a Dundaye. A ɗauki nauyin ma'aikata daga ƙananan hukumomi 23, a ɗaure su da yarjejeniyar dawowa aiki. Sai dai a tanadar musu kujerar da ta dace kafin su dawo. Na san wani da ya dawo da irin wannan digiri daga waje, aka ajiye shi a wani ofis yana karɓar wasiƙu yana buga musu hatimi, bayan shekara guda wata ƙungiya ta ɗauke shi. A buɗe wa ɗaliban alƙaluman ma'aikatu su yi aiki da su, kuma a jure jin abin da za su gano, don ba duka zai yi daɗi ba.

Allah ya gafarta malamai, abin da nake nema a yanzu ƙarami ne: a kafa ɗan kwamiti da zai haɗa tsangayoyin nan, a gayyato mutanen asibitin noma, da wakilin fada, da ma'aikatar lafiya, da mu 'yan bakin iyaka, a zauna yini guda a ga ko abin zai yiwu. Ni da abokan aikina muna da littattafan rahoto na shekaru, wasu gara ta fara taɓa su, za mu zo da su. Ƙanwar nan tawa ta ce idan an buɗe, ita ce ta farko a layin sayen fom, kuma za ta zo da taswirarta ta biro. Idan za a kira mu, a taimaka kada a sa ranar Litinin, ranar muke aika rahoton mako.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani ma'aikacin lafiya daga bakin iyaka, Jihar Sakkwato.